Majirus ɗin Baba: a tayar da ita ko a kai wa masu tsohon ƙarfe?

Ɗan Gadarif:
Assalamu alaikum iyaye da 'yan uwa. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana babbar motar kaya Majirus ɗaya, irin ta soja mai dogon hanci, wadda ya saya a gwanjo tun muna ƙanana. Da ita ya yi ta kwaso dawa da riɗi daga gonaki zuwa kasuwar amfanin gona a nan Gadarif ta Sudan, da ita ya aurar da mu. Tun da ciwo ya kwantar da shi take ajiye a bayan gida, tayu biyu sun sace, kaji na ƙwai a ƙarƙashin kujerar direba. Yanzu an zo rabon gado. Yayyena sun ce a sayar wa masu tsohon ƙarfe a raba kuɗin, ni kuwa zuciyata ta ƙi. Duk wanda ya taɓa riƙe irin wannan mota, ko ya gyara, ko ya tuƙa, don Allah ya faɗa mini abin da ya gani.

Usta na Madani:
Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya gafarta wa Baba. A garejin unguwar masana'antu ta Wad Madani na girma, ban bar wurin ba sai Disamban 2023 da faɗa ya shigo gari. Majirus ta ratsa hannuna ba adadi. Abu na farko, kada ka bari wani ya ɗaura mata batir ya ce bari a gwada tayarwa. Injin da ya daɗe kwance, ringinsa ya kama jiki, ka murza shi da ƙarfi ka karya abin da ke lafiya. Ka cire nozul-nozul, ka zuba gas gauraye da ɗan baƙin mai a kowace silinda, ka bar shi ya jiƙa, sannan ka juya injin da hannu a hankali. In ya zagaya ba inda ya cije, to ka gode wa Allah, rabin aikin ya ƙare. Tankin kuma a sauke shi a wanke, tsohon gas yana kwantar da dauɗar da ke toshe famfo.

Alherin wannan mota shi ne injinta na Deutz ba ya shan ruwa. Babu lagireto, iska ce ke sanyaya shi, shi ya sa ya karɓi ƙasarmu: ba yoyon ruwa a tsakiyar daji, ba tafasa. Kowace silinda tana tsaye ita kaɗai da kanta, in ɗaya ta lalace ita za ka cire ka musanya, sauran ba ruwansu. Amma a nan ne mutanenmu ke kashe shi. Tsakanin haƙarƙarin silindar ƙura da ƙaiƙayin dawa ke taruwa, su haɗu da man da ke tsattsafowa su zama dunƙule, iska ta kasa wucewa, silindar baya ta ƙone direba bai sani ba. Ka buɗe murfin gefe ka zura waya ka share ramukan nan ɗaya bayan ɗaya, ka tabbata fanka na juyawa. Birki kuwa kada ka yarda da shi ko da ya kama, duk robobinsa sun bushe, a sake su.

Tsohon Direba, Kasala:
Usta ya faɗi gaskiya. Ni Bedford na tuƙa, wadda muke kira Sifinja, kuma har gobe ina cewa babu mai laushin tafiyarta. Amma kafin a gama kwaltar Khartum zuwa Port Sudan a 1980, idan damina ta sauka a ƙasar Gadarif, Sifinja sai haƙuri. Baƙar lakar nan tana riƙe taya har ta cika tsakanin taya da bodi, mota ta zauna a kan cikinta. Mu haƙa da shebur, mu sassaro ƙaya mu shimfiɗa, yaron mota ya hura wuta ya ɗora shayi don ya san kwana ya kama mu. Da dare sai ka jiyo kukan Majirus tun daga nesa, don injin iska ba ya ɓoye muryarsa, kowa ya miƙe yana hamdala. Direban ya sa giyar gaba, tayu duka su ja, ya ɗaura mana sarƙa ya fizgo mu ɗaya bayan ɗaya. Da yawansu ba sa karɓar ko sisi, sai dai a zuba musu shayi. Ban san mahaifinka ba ɗana, amma na san irin aikin da motarsa ta yi wa mutane.

Abu Fatima, Damazin:
Ku yi mini afuwa manya, ni tawa ta sha bamban. ZIL na riƙe, mai tayu shida, irin waɗanda suka shigo daga Tarayyar Sobiyet bayan hawan Numeiri mulki a 1969. Ƙarfi kam ba a magana, daga cikin mota kake rage wa tayu iska ko ka ƙara. Sai dai fetur take sha da silinda takwas, abin da na samo a hanya a gidan mai yake ƙarewa. Na sa mata injin gas, sai akwatin giya ya ƙi zama da shi lafiya, kullum muna wurin mai walda. Na sayar, kuma ranar na yi barci mai daɗi. Ɗan uwa, kafin ka sa kuɗi ka je ka tambayi farashin taya ɗaya tak a kasuwar yau, sannan ka lissafa sauran. Kamfanin Magirus da ya ƙera motarka ma tun 1975 ya shige cikin kamfanin Iveco, kayan bodinta sai a jikin wata matacciyar.

Usta na Madani:
Abu Fatima, ZIL daban, wannan daban. Kayan bodi gaskiyarka ne, amma injin Deutz ya cika ƙasar nan a janareto da famfunan ban-ruwa, ana dacewa da kayansa in an san lambar inji.

Hajiya 'yar Mai Wurno:
Ni ba direba ba ce, fasinja ce. Ina yarinya a saman irin waɗannan motoci muke zuwa biki Gadarif, a kan buhuna, mata a tsakiya maza a gefe suna riƙe da ƙarfe. Mahaifiyata takan ɗaure ni da gefen mayafinta don kada barci ya kwashe ni in zame, ga tulun ruwa na fata yana lilo a jikin bodi. Kafin mu isa, gira da gashin ido duk sun yi fari da ƙura. Ɗana, ina tare da kai, amma ka tuna akwai mata cikin magada, wataƙila wata da rabon nan take jiran biyan kuɗin makarantar 'ya'ya. Mijina ya shiga irin wannan da 'yan uwansa a kan tarakta. Dillalai biyu aka kira suka yi mata kuɗi a gaban kowa, ya biya kowa rabonsa kaɗan-kaɗan bayan girbi, aka rubuta aka sa shaidu. Har yau zumuncinsu lafiya lau.

Mazaunin Jidda:
Ƙari a kan maganar Hajiya. Ƙanena yana da tsohuwar Land Rover da ta fito daga gwanjon gwamnati. Tun da yaƙi ya tashi a 15 ga Afrilun 2023, koren fentin nan ya zame masa abin tsoro, duk shingen da ya je sai an sauke shi an yi ta tambaya. Ya mayar da ita fara tas. Yaya, ka nemo takardar gwanjo da ta mallaka tun kafin ka taɓa sifana, ka sauya launi, ka cire duk wata tsohuwar lamba ko ƙugiya da ke nuna ta soja ce. In takardun sun ɓata, kada ta fita ƙofar gida sai an sabunta su.

Ɗan Gadarif:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Takardun suna nan cikin akwatin Baba, Inna ta fito mini da su. Na yi magana da babban yayanmu, ya yarda a kira dillalai bayan sallar Juma'a kamar yadda Hajiya ta ce. Usta, gas ɗin nan, yaya zan auna shi da baƙin mai?

Usta na Madani:
Kashi biyu gas, kashi ɗaya mai, kamar rabin kofin shayi a kowace silinda. Kafin ka juya, ka tabbata nozul ɗin suna waje don abin da ka zuba ya samu hanyar fita. Akwai ɗan farantin ƙarfe a gefen injin, ka goge shi da tsumma ka karanto mini lambar da ke jiki, in tambayi wani abokin aikina a Sinnar ko yana da ring da gasket ɗinsa.