Daga ina sunan "terebantin" ya fito?

Kafintan Maraɗi: Assalamu alaikum jama'a. Jiya ina share shagon marigayi maigidana, Allah Ya jiƙansa, na tsinci wata tsohuwar kwalba a bayan akwatin kayan aiki, an rubuta térébenthine a jikinta. Da na buɗe murfin, ƙamshin ya mai da ni lokacin da nake yaron shago, yana zuba shi cikin fenti yana juyawa da tsinke. Abokan sana'armu na Katsina turpentine suke gani a nasu gwangwanin. Suna ɗaya ne? Ina so in san abin da hannunsa ya shekara talatin yana taɓawa.

Malamin Kimiyya: Wa alaikumus salam, Allah Ya gafarta masa. Tushensu ɗaya. Asali sunan bishiya ne, terebintos da Girkanci, wata bishiya ta gaɓar Bahar Rum, dangin fistashiyo, wadda Larabawa ke kira buɗum. Ana tsaga ɓawonta ƙaro ya tsattsafo, kamar yadda muke yi wa hano. Na tsibirin Kiyos a Girka shi ya fi suna. Kalmar ta shiga Latin, ta wuce tsohon Faransanci, Ingilishi ya ara daga nan ya tauna ta ta zama turpentine. Daga baya aka koma tatsar itacen fayin (pine, doguwar bishiya mai ganye kamar allura) saboda ya fi yawa da araha, amma sunan tsohuwar bishiyar ya liƙe. Faransa ta daɗe tana tatsarsa a dajin Landes, wanda dokar 1857 ta sa aka dasa shi sosai.

Mai Gyaran Rediyo: Malam, ka bar ƙaninsa. Idan aka dafa ƙaron, tururin da aka tara shi ne man kwalbar nan, guntun da ya daskare a tukunya kuma Faransawa na ce masa colophane, daga Kolofon, tsohon gari kusa da Izmir ta Turkiyya. Shi ne a cikin wayar darma, hayaƙinsa nake shaƙa kullum.

Kafintan Maraɗi: Na gode ƙwarai. To tinar da muke saye yanzu fa? Warinta daban, har kai take sara mini.

Malamin Kimiyya: Yawancinta daga man fetur ake haɗa ta, ba ruwanta da itace. Kwalbar maigidanka kuwa, ka toshe bakinta da kyau, ka nisanta ta da wuta, domin tana kamawa nan take.