Jaririyar ƙanwata fatarta na yin bororo da an taɓa ta

Yayar Maijego:
Assalamu alaikum. Ƙanwata ta haihu, kuma tun daga wankan farko fatar jaririyar take yin bororo tana saluɓewa kamar ƙunar ruwan zafi, musamman a dugadugai da inda kunzugu yake gogarta. Likita ya ce sunan ciwon epidermolysis bullosa, kuma gadonsa ake yi, amma dangin uban sun dage cewa sammu ne, wasu ma har suna gudun ɗaukarta. Shin yana da magani, kuma yaya za mu kula da ita?

Nas Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya, ya ba ta lafiya. Ciwon ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum ko kaɗan. Sinadarin da ke manne fatar sama da ta ƙasa ne yake da rauni, shi ya sa gogayya kaɗan take raba su. Kada a ɗaga ta ta hammata. A sa hannu ɗaya ƙarƙashin mazaunanta, ɗaya a bayan wuya. A bar wanka da ruwa mai zafi da dirzawa da soso, a juya rigarta ɗinkin ya koma waje, a yi hattara da ɗaurin majanyi, kuma kada a manna mata filasta, domin da fata yake fitowa. Bororon nan faɗaɗa yake idan an ƙyale shi, don haka a asibiti za a koya muku huda shi da allura mai tsabta ba tare da ɓare fatar samansa ba.

Malamin Kimiyya:
Ina ƙara da cewa manyan nau'o'insa 4 ne, kuma tsananinsu ya bambanta sosai, saboda haka ku nemi likitan fata ya tantance nata. A nau'o'in da suka fi tsanani, yawanci uwa da uba duk suna ɗauke da ƙwayar gadon ba tare da alama ba, kuma a kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi jariri da ciwon. Auren zumunci yana ƙara wannan haɗuwa, don haka ɗora wa maijego laifi zalunci ne.

Abban Yara:
Hajiya, maganin warkewa gaba ɗaya bai samu ba tukuna. A 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Vyjuvek, wanda ake ɗigawa a kan rauni, amma na nau'i ɗaya ne kawai, kuma tsadarsa ta wuce hankali. Ku dai lura da shan nononta, domin bororo yana fitowa har cikin baki, kuma idan jikinta ya yi zafi ko rauni ya fara ruwa, ku garzaya asibiti.