Saka cajar motar lantarki a wurin fakin na gidan bene: daga ina ake farawa?

Maman_Ilham: Assalamu alaikum. Gidan bene ne mai ɗauke da iyalai 24, wurin ajiye motoci ɗaya a ƙasa. Mutum uku na son saka caja. Izinin wa ake nema, kuma daga wace mita za a ja wutar?

Injiniya_B: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin a sayi ko ƙusa, a kira ƙwararren mai aikin lantarki ya auna nauyin da babban allon wutar ginin ke ɗauka da daddare, lokacin da kowa ke gida. Cajar kilowat 7.4 tana jan amp 32 a kan bolt 230, kuma ba jan minti biyar ba ne irin na dutsen guga, awa shida ko takwas take yi ba hutu. Nan matsalar take. Don haka kowace caja da layinta ita kaɗai da bireka tata (makunnin da ke katse wuta idan nauyi ya yi yawa), galibi ta amp 40. Wayar jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 6 ta isa idan tazarar gajeriya ce. In ta yi nisa a koma mai 10, in ba haka ba wutar za ta raunana a hanya, wayar ta riƙa ɗumi. Soket ɗin bango kuwa a bar shi. Haƙoransa ke saki, ya yi baƙi, ya narke.

Abin da aka fi tsallakewa shi ne na'urar katse wuta idan ta zurare. Dole ta kasance nau'in B, ko nau'in A mai miliamp 30 idan cajar na gano zurarewar DC (wuta irin ta batir) ta miliamp 6 da kanta. Zurarewar DC na makantar da na'ura ta gama-gari, ta ƙi katsewa alhali wuta na jan mutum.

Malam_Sabo: Batun izini, a rubuce ake nemansa wurin mai gida ko kwamitin mazauna, tare da zanen hanyar waya, domin bango da rufin garejin mallakar kowa ne. Doka ta bambanta: a Jamus tun Disambar 2020, haka ma Faransa da Kalifoniya, ba a hana mazauni sakawa ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, amma shi ke biyan kuɗin aikin. A sanar da kamfanin rarraba wuta ma. Takardar ta fayyace wa ke gyara, wa ke cirewa in mutum ya tashi.

Hajiya_Turai: Roƙona ɗaya, kada a ja daga mitar fitilun tsakar gida, rigima ce tsagwaronta. Ko dai daga mitar mai motar, ko kowace caja da ƙaramar mitarta da katin buɗewa. Kuma ku yi lissafin mota goma, ba uku ba. A shimfiɗa babban layi ɗaya da na'urar raba nauyi, wadda ke rage wa kowace mota wuta idan nauyin wutar ginin ya yi yawa, har zuwa amp 6.

Injiniya_B: Haka ne. A kuma toshe duk ramin da waya ta ratsa bango da abin da ba ya cin wuta, sannan a kafa turken ƙarfe gaban cajar saboda mai ribas.