Wane albam ne ya fi a wajen Pink Floyd?

Mai_Jita:
Salamu alaikum jama'a. Na daɗe ina jin ana cewa The Dark Side of the Moon shi ne ƙarshen magana a cikin albam-albam na ƙungiyar mawaƙan nan ta Ingila, Pink Floyd, kuma ban musa ba yana da kyau, amma wallahi duk lokacin da na kunna Wish You Were Here na 1975 sai in ji ya fi shiga raina nesa ba kusa ba. Waƙoƙi biyar ne kacal a ciki, Shine On You Crazy Diamond ce ta buɗe shi kuma ita ta rufe, sannan sautukan nan huɗu da David Gilmour yake kaɗawa a jita bayan an yi kusan minti huɗu ana jan kiɗan a hankali, ni dai a nan tsikar jikina take tashi kullum. To ku wanne kuka ɗauka?

Tsohon_Faifai:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya ni ina nan kan Dark Side ba gudu ba ja da baya. Ka saurare shi daga farko har ƙarshe ba tare da ka tsallake ko ɗaya ba, da bugun zuciya ya fara da bugun zuciya ya ƙare, a tsakani kuma maganar lokaci ce da kuɗi da mutuwa da taɓin hankali, duk a ɗinke kamar waƙa guda. Ga Clare Torry da ta rera The Great Gig in the Sky ba kalma ko ɗaya, murya ce zalla amma sai ka ji kamar mutum na kuka a gabanka. Tun 1973 ya fito, ya yi sama da mako 700 a jadawalin Billboard na albam-albam da suka fi ciniki a Amurka, ai ba banza ba.

Gimbiyar_Kiɗa:
Yaya Tsohon_Faifai, yawan ciniki daban, abin da ya taɓa zuciya daban. Ni ina bayan Mai_Jita. Wanda bai san labarin Syd Barrett ba ba zai gane nauyin Wish You Were Here ba. Shi ne jagoransu na farko, ya bar su a 1968 da lafiyar ƙwaƙwalwarsa ta taɓu, to a watan Yunin 1975 suna cikin aikin Shine On a situdiyon Abbey Road sai ga wani mutum ya shigo, ya yi ƙiba, ya aske kansa har da gira, suka daɗe ba su gane shi ba, ashe Syd ne, mutumin da suke yi wa waƙar. Tun da na san wannan ban ƙara jin ta yadda nake ji a da ba.

Baƙin_Kare:
Ba wanda zai ambaci Animals na 1977 ke nan? Waƙar Dogs da ke cikinsa kaɗai minti 17 ce, kuma a ganina Gilmour bai taɓa kaɗa jita da zafi irin na cikinta ba. An danne albam ɗin ne kawai don ya faɗo tsakanin Wish You Were Here da The Wall.

Mai_Jita:
Na gode 'yar'uwa, wallahi ban san ya je situdiyon da ƙafarsa ba, jikina ya yi sanyi. Malam Baƙin_Kare kuma ka yi gaskiya, sau biyu kawai na taɓa jin Animals, shi ma ina cikin wani aiki. Yau da dare zan sa abin kunne in zauna wa Dogs tun daga farko.