Neman kalmar Hausa: me za mu kira "sansa"?

1/ Salamu alaikum jama'a. Makon jiya tsohuwar jif ɗina ta mutu mini a Kwangila, Zariya. Kik yana juyawa, batir da caji, mai rabin tanki, amma ta ƙi tashi. Sai da ta huce kamar minti 20 sannan ta kama. A wani gareji a Sabon Gari, mai gyaran wayarin ya jona na'urarsa a soket ɗin nan mai rami 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, ta nuna lambar matsala P0335. Ya ce, "Alhaji, sansa ce." Na ce mece ce sansa da Hausa? Ya ce, "Sansa dai."

2/ Abin ya tsaya mini a rai. Lagireto, salansa, filogi, duk mun aro sun zauna, ba ni da ja. Amma waɗannan ana ganin aikinsu da ido. Ita sansa ba ta juya komai, ba ta tura mai, ba ta ba da wuta. Labari kawai take kai wa birenbos, wato ƙwaƙwalwar mota. Tawa ta karanshaf ce, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a cikin inji: ita ke faɗa wa ƙwaƙwalwar inda juyin inji ya kai. In ta yi zafi ta ɗauke, ƙwaƙwalwar sai ta tsayar da wutar filogi da feshin mai, mota ta mutu alhali injin lafiyarsa ƙalau.

3/ A kan sunan Hausa da za mu ba ta, wani ɗan'uwa ya ce "ma'auni". Ya yi kusa, sai dai ma'auni mutum ne ke duba shi, kamar allurar mai. Wani ya ce "ɗan rahoto", amma mun san da wa ake kiran wannan suna, ba na so a jingina wa abu mai amfani.

4/ Ni "majiya" na zaɓa. Kullum muna ji a rediyo: "wata majiya mai tushe ta shaida mana." To haka take. Daga "ji" aka samo ta, kuma Bahaushe yana jin zafi, yana jin wari, yana jin motsi, ba sauti kaɗai ba. Ga jam'inta a shirye, majiyoyi. Majiyar zafin ruwa, majiyar iskar shiga wadda ƙurar hunturu ke dusashewa, majiyar hayaƙi da ke jikin salansa, majiyar karanshaf.

5/ Ga inda sunan zai yi mana rana. Majiya tana iya yin ƙarya, tana iya faɗin gaskiya mai ɗaci. Maƙwabcina a Tudun Wada sau biyu yana sayen sansar hayaƙi saboda lambar matsala P0171 mai nuna iska ta rinjayi mai a inji, wutar gargaɗi tana dawowa. Ashe robar iska ce ta tsage saboda tsufa, iska tana shiga ta ɓarauniyar hanya, man ya yi wa injin kaɗan. Majiyar gaskiya ta faɗa, aka cire ta aka yar. Da ya san labari kawai take kawowa, da ya ce a binciki labarin kafin ya zaro kuɗi.

6/ Malamanmu na Hausa a ABU, da ku kanikawa masu riƙe da sifana, ku duba mana ko akwai cikas. Da na koma biyan kuɗin aiki na ce wa mai gyaran, "Majiyar ce ta lalace ko wayarta?" Bai tambaye ni me nake nufi ba. Ya ce, "Ita kanta ce, Alhaji, wayar na gwada, lafiya take."