Titin Lombard na San Faransisko: da mota ake sauka ko a ƙafa?

Ummu_Hanan:
Assalamu alaikum jama'a. Muna shirin yin kwana uku a San Faransisko, mu biyar: ni da maigida, yara biyu (ɗaya ta goye ce), da Hajiyarmu wadda gwiwa ke damunta. Yaran nan sun dage sai sun ga titin nan mai kwana-kwana da ake nunawa a hotuna. Maigida yana so ya ɗauki motar haya ya tuƙa da kansa har ƙasa, ni kuwa gabana faɗuwa yake. Don Allah waɗanda suka san wurin su ba mu shawara: ta ina ake zuwa, wane lokaci ya fi, kuma Hajiya za ta iya?

Malam_Dogo:
Wa alaikumus salam Hajiya. Da farko ki san cewa Lombard dogon titi ne, akasarinsa miƙaƙƙe kamar kowane titi. Inda ake zuwa kallo ɗan yanki ne guda a kan tudun Russian Hill, tsakanin titin Hyde a sama da Leavenworth a ƙasa. In kun sa "Lombard Street" kawai a taswirar waya, tana iya kai ku can wajen otel-otel na yamma inda babu abin gani. Ku rubuta mahaɗar Hyde da Lombard.

Kwanoni takwas ne, an shimfiɗe su da jan bulo, tsawonsu duka kusan mita 180. Asalin gangaren kashi 27 cikin 100 ne, wato duk mita 100 da aka yi gaba an sauka mita 27, abin da motocin da ba sa iyawa. Shi ya sa a 1922 aka lanƙwasa hanyar, aka ƙara mata tsawo don tsinin ya ragu. Daga sama zuwa ƙasa kamar saukowa ne daga bene mai hawa goma. Hannu ɗaya ne, gangarawa kawai, allon da ke bakin shiga kuma mil 5 a awa ya rubuta, kusan kilomita 8.

Shawarata a bar motar. Ku hau taragon igiya, wato ɗan jirgin ƙasan da igiyar ƙarfe ke ja a kan titi, na layin Powell-Hyde, yana tsayawa daidai kan titin ta sama. Yana tasowa daga mahaɗar Powell da Market, ya ƙare a bakin ruwa kusa da Ghirardelli Square. Ku duba allon da ke jikin taragon da kyau, don layin Powell-Mason ma daga wuri ɗaya yake tashi, kamanninsu ɗaya, amma shi ta ƙasan tudun yake bi. Wanda ya hau shi sai ya hau tudun da ƙafarsa, ko kafin ya iso Leavenworth ma ya fara haki. A 2025 kuɗin hawa ɗaya bai kai dala 10 ba ga mutum, amma duk sauka da sake hawa sabon biya ne, don haka masu kwana uku gara su sayi tikitin baƙi na kwanaki a manhajar MuniMobile.

Daga sama akwai matakala dama da hagu, kowace ta haura taki 200. Minti goma ya isa, har da tsayawa kallon furanni. Kafin ku fara sauka ku tsaya a sama tukuna: gabas ga hasumiyar Coit a kan tudun Telegraph Hill, arewa kuma in an bi titin Hyde da ido sai tsibirin Alcatraz a tsakiyar ruwa. Mutane da yawa suna ɗokin sauka su manta da wannan.

Direban_Bay:
Malam Dogo ya yi daidai, amma tunda maigida ya ƙwallafa rai, bari a faɗa masa abin da zai tarar.

Saukar kanta ba ita ce wahala ba. Minti biyu ne zuwa uku. A sa giya ta ɗaya, in otomatik ce a sa ta a L, ƙafa na kan birki a hankali, a bar motar ta gangara da nauyinta. Sitiyari ake juyawa sosai, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, kuma a fara juyawa da wuri, don bangon kankare da ke riƙe da furannin gajere ne, bonet na ɓoye shi. Doguwar mota bayanta ke gogar bango a kwana, gaba ya wuce lafiya. Ranar da aka yi ruwa ko hazo ya jiƙa bulon akwai santsi, kada a taka birki da ƙarfi lokaci ɗaya.

Wahalar tana can baya, a layin shiga. Ta yamma ake hawowa, daga wajen titin Van Ness, kuma yankin ƙarshe kafin a kai Hyde tsaye yake ƙiƙam. Asabar da Lahadi da rana a lokacin hutun bazara ana iya shafe rabin awa ko fiye a kan wannan hawan, ana matsawa mota ɗaya-ɗaya. A nan ne mota mai giyar hannu ke ƙone kuloci, saboda direba yana riƙe ta da rabin kuloci maimakon birki. Wari za ka fara ji kamar na ƙonannen roba. Abin yi: in ka tsaya ka ja birkin hannu, in za ka tashi ka saki kuloci har motar ta ɗan ɗaga kai, sannan ka sauke birkin. Ko otomatik ce ka bar tazarar mota guda tsakaninka da na gabanka, don ba ka san ko shi zai zamo baya ba.

Da ka iso saman kuma akwai layin tarago da za ka tsallaka. Shi ke da hanya, ba kai ba. Ba shi da inji, igiyar ƙarfe ce ke gudu a ƙarƙashin titi da gudun mil 9 da rabi a awa, direbansa na damƙe ta da wani ƙarfe kamar awartaki. In ya saki igiyar a kan hawa saboda ka tare shi, sake kama ta aiki ne. In ka ji ƙararrawa ka dakata.

Sai batun ajiye mota, inda baƙi suka fi cin tara. Doka ce a garin: duk gangaren da ya kai kashi 3 cikin 100 sai ka karkata tayoyin gaba. In motar na kallon ƙasa, a juya su zuwa dakalin gefen titi. In tana kallon sama, a juya su waje, a bar motar ta ɗan zamo baya har taya ta jingina da dakalin. Dalilin shi ne in birki ya saki, dakalin ya tare ta. Kuma kada a bar komai a ciki, ko rigar sanyi ko wayar caja. Unguwar ta yi suna wajen fasa gilashin mota, motocin haya aka fi hari, abin bai ɗaukar ɓarawo minti ɗaya. Wanda zai sa jaka a but ya sa tun daga otel, ba a inda ya tsaya ana kallonsa ba. Fasfo kuwa a jiki.

Anti_Rabi:
Duk kun tafi kan mota kun bar Hajiya. 'Yar'uwa, kada ki sa ta sauka matakalar nan. Mai ciwon gwiwa sauka ta fi masa zafi a kan hawa, don kowane taki nauyin jiki gaba ɗaya kan gwiwa ɗaya yake faɗawa. Matakalar ba ta da faɗi, masu ɗaukar hoto na tsayawa a tsakiya ba zato, babu kuma bencin hutawa a hanya. Taragon ma sai an ɗaga ƙafa sosai wajen hawa, keken guragu ba ya shiga, a tsakiyar layi kuma da wuya a samu wurin zama.

Ku rabu biyu. Hajiya da mai goyo su shiga tasi, ko motar Uber, a ce wa direba ya gangara da su ta cikin kwanonin ya sauke su a Leavenworth. An halatta, kuma direbobin sun saba. Ta ga komai tana zaune. Sauran su sauko a ƙafa a haɗu a ƙasa. In kuma da jaririya za a sauko a ƙafa, a goya ta, keken turawa ya zauna a otel, in ba haka ba ɗaukarsa za a yi a hannu taki ɗari biyu.

Babu banɗakin jama'a a kan titin, a kai yara tun kafin a taso. Gidajen da ke gefe na mutane ne, garejinsu a cikin kwanonin suke buɗewa, don haka kada yaro ya bi ta kan bulon ko ya hau bangon furanni.

Mai_Kyamara:
Hoton da yaranki suka gani daga ƙasa aka ɗauke shi, ba daga sama ba. A sama kwana ɗaya ko biyu kawai ake gani, sauran sun ɓuya a bayan shuke-shuke. A tsaya a gefen gabas na Leavenworth, ko ma a ƙara gangarawa kaɗan wajen titin Jones a jawo hoton, sai kwanonin su fito a jere kamar an ɗora su kan juna. A kan dakali za a tsaya. Tsakiyar mahaɗar nan motoci ke fitowa, direbobin kuma hankalinsu na kan birki.

Gangaren gabas yake kallo, saboda haka da safe rana ke haska shi. Bayan la'asar tana komawa bayan tudun, sai hoto ya yi duhu, fuskoki su dushe. Tsakanin ƙarfe 8 da 9 na safe a ranar aiki kun jefi tsuntsu biyu: ga haske, ga ba cunkoso, a titin da a tashar tarago. Wurin da ake ƙiyasin mutum miliyan 2 na zuwa a shekara, da hantsi ya yi ba masaka tsinke. Har an taɓa yunƙurin sa kuɗin shiga da kama lokaci tun kafin zuwa ga masu mota, amma Gwamnan Kalifoniya Gavin Newsom ya ƙi sa hannu a dokar a 2019.

Furannin sun fi kyau a watannin Yuni zuwa Agusta, amma kada sunan bazara ya ruɗe ku. Lokacin ne hazo ke shigowa daga teku da iska mai sanyi, musamman a kan tudu. Satumba da Oktoba sun fi ɗumi da sararin sama. Rigar sanyi dai kowa ya riƙe tasa, takalmi kuma mai roba a ƙasa, ba silifas ba.

Malam_Dogo:
Ƙari kaɗan ga maigida. In tuƙin ne ke ransa ba sunan ba, akwai titin Vermont a unguwar Potrero Hill, tsakanin titi na 20 da na 22. Kwanoninsa bakwai ne amma sun fi na Lombard matsewa, kankare ne ba bulo ba, ba furanni, ba layi. Kusa da Lombard ɗin kuma, tituna biyu ta kudu, akwai Filbert tsakanin Hyde da Leavenworth ɗin dai, miƙe yake ba kwana, gangarensa kashi 31 da rabi. Da motar ta kai baki sai hanya ta ɓace daga gaban gilashi na ɗan lokaci. Wannan kam kada ya sa Hajiya a ciki.

Ummu_Hanan:
Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Mun tsaya a kan tasi ga Hajiya, mu kuma tarago da sassafe. Anti Rabi, in mun haɗu a Leavenworth, daga nan zuwa titin Columbus gangara ce duka ko akwai wani hawan a gaba?