Musayar Baitoci: Wa Ke Sauraren Wayarmu?

Malamin Kubwa

Assalamu alaikum. Tun watan Disamba na 2020 da aka umarci kowa a Najeriya ya haɗa layin wayarsa da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN ake ta ƙorafin cewa gwamnati tana leƙen asirin jama'a, ni kuwa ga yadda nake kallon lamarin:

Wanda bai ɗau kayan kowa ba,
Bai ƙulla da 'yan daji ba,
Bai ci mutuncin kowa ba,
Me zai sa shi gudun rajista?

Hukuma ita ce garkuwa,
Ba ta tsaro a cikin duhuwa,
In ta san layin kowa,
Sai ɓarawo ya rasa mafita.

Ɓoyayye

Wa alaikumus salam. Ga amsa, kuma ba zan sa sunana ba.

Malam, tunda ba ka da ɓoyo,
Ɗage labulenka mu leƙo,
Miƙo mana wayarka mu dubo,
Har saƙon da amarya ta rubuta.

Mun bi layi tun da asuba,
Yatsu goma duk an duba,
Hoton fuska ba a bari ba,
To ina tsaron da aka ambata?

Jirgin Kaduna da aka tare,
A watan Maris, cikin dare,
Da waya aka yi cinikin na tsare,
Wace NIN ce ta hana cuta?

Hajiyar Garki

Madalla da Ɓoyayye, Allah ya ƙara basira, wannan shi ake kira baiti. Harin da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022 yake nufi, kuma a ranar 4 ga Afrilu, mako guda bayan harin, aka toshe kiran miliyoyin layukan da ba a haɗa da NIN ba, masu garkuwa kuwa suka ci gaba da cinikinsu har tsawon watanni. Ni ma zan tuna wa Malam kyamarorin tsaron Abuja da aka ba da kwangilarsu a 2010 a kan dala miliyan 470:

Ku dubi turakun bakin hanya,
A tsakiyar birnin tarayya,
An sa musu ido, babu ƙwaya,
Mu biya bashi, su yi makanta.

Malamin Kubwa

Hajiya, yabonki ya nuna ɓangaren da kike, don haka da mai ɓoye suna zan yi.

Ɓoyayye, fito mu ga fuska,
Maganarka tana bin iska,
Ƙarya ce ke tsoron a haska,
Gaskiya ba ta ɓoye mai faɗinta.

Da sunan aro ake yin ƙage,
A watsa jita-jita a dage,
Gari ya kama, mutunci ya rage,
Wa za a kai kotu kan ɓarnar da aka aikata?

Mai Aruli

A gafarce ni, ranka ya daɗe, amma ɗangonka na ƙarshe, wato layin da ka rufe baiti da shi, gaɓa 15 ne, alhali ɗangon da ya buɗe baitin gaɓa 10 ne, ka ga kari ya karye, mai rerawa sai numfashinsa ya ƙare kafin ya kai amsa-amo. Shi ma Ɓoyayye bai tsira ba, domin ya cusa NIN a ɗango ba tare da ya nuna ko a gaɓa ɗaya za a karanta ta ko harafi-harafi ba. Kuma ina jin na gane shi, domin mutum ɗaya na sani a cikinmu da ke buɗe waƙa da kiran Malam ya rufe baiti da tambaya, kuma motar Mararaba yake hawa zuwa aiki.

Hajiyar Garki

Haba Mai Aruli, mutum ya ce ba ya son a san shi, kai kuma ka shiga kwatanta hanyar gidansa. Aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana binciken asirin juna, sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 kuma ya ba da kariya ga sirrin gida da wasiƙa da hirar waya. Ka tsaya a kan gaɓoɓinka.

Ɓoyayye

Mai ƙirgen gaɓa ya koma leƙe,
Da baiti uku ya kusa ya riƙe,
To ina ga mai na'ura a miƙe,
Da ke ajiye kiran da ka manta?

Ni ma'aikaci ne mai iyali,
In na soki oga a fili,
Za a kore ni ba dalili,
Sunan aro ne garkuwata.

Dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa su adana bayanan kira da na masu layi har shekara 2, kuma da sashe na 24 na dokar aka sha gurfanar da 'yan jarida kafin a yi masa gyara a 2024.

Malamin Kubwa

Na jinkirta amsa ne don in duba kundin da Hajiya ta ambata. Sashe na 45 ya yarda a taƙaita wancan haƙƙi saboda tsaro da zaman lafiyar jama'a, kuma tun Yunin 2023 akwai dokar kare bayanai da hukumar da ke karɓar koke.

Hajiya, karanta har ƙarshe,
Akwai sashe a bayan sashe,
In ana sace mutane a kashe,
Wa zai hana hukuma bincikenta?

Hajiyar Garki

Babu wanda ya hana ta, Malam, sai dai ta fara neman izinin alƙali. Da sunan tsaron ƙasa aka rufe Twitter wata 7, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kotun ECOWAS kuma ta yanke cewa rufewar ta saɓa wa doka.

Mai bincike shi ma a bincike shi,
Ya faɗi wanda ya aike shi,
In ya zarce, kotu ta tare shi,
Sannan in miƙa masa lambata.

Mai Aruli

Na karɓi faɗan Hajiya a kan Mararaba, amma har yanzu Malam bai gyara ɗangon nan mai gaɓa 15 ba, kuma ina jira.